Rashin Ganin Nesa a Idon Yara: Musabbabinsa da Hanyoyin Magance Shi

A kusan kowace makaranta akwai yaron da aka yanke wa hukunci ba tare da an binciki lamarinsa ba. Idan aka ba shi littafi sai ya karanta tiryan-tiryan, amma da zarar an ce ya kwafi abin da ke kan allo sai ya cika takarda da kurakurai, ko kuma ya riƙa leƙen littafin na kusa da shi. Wani malamin ya kira shi malalaci, wani ya ce daƙiƙi ne, wani ma har ya kai ga tsula masa bulala. Shi kuwa yaron ba ya kai ƙara, domin bai taɓa gani da idon wani ba. A zatonsa kowa haka yake ganin allo, dishi-dishi.

Sau da yawa abin da ke damun irin wannan yaro shi ne rashin ganin nesa, wato larurar da likitocin ido ke kira mayofiya. Mai ita yana ganin abin da ke kusa tar, amma na nesa sai ya zame masa hazo. Sunan ya samo asali daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ƙanƙance ido, saboda tun zamanin da an lura cewa masu larurar sukan ƙanƙance idanu idan suna son hango wani abu.

Yadda ido ke gani

Shahararren masanin nan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 kuma ya yi ayyukansa a Alƙahira, shi ne ya kafa hujja a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. A 1604 kuma Johannes Kepler na Jamus ya bayyana cewa hoton abin da ake kallo yana sauka ne a kan wani tantani da ke can bayan ƙwayar ido, wanda ake kira ratina. Aikin ratina kamar na farin ƙyallen majigi ne.

Kafin haske ya isa gare ta sai ya ratsa abubuwa biyu masu tanƙwara shi. Na farko shi ne koniya, wato garai-garan tagar da ta rufe baƙin ido, wadda ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Na biyu shi ne lensin ido, wani ɗan madubi mai taushi da ke ciki, wanda ke kumbura idan ana kallon abu na kusa, ya saki jiki idan ana kallon na nesa. Idan hasken ya taru daidai a kan ratina, hoto ya fita tas. Idan kuwa ya taru kafin ya kai gare ta, ko bai gama taruwa ba ya iso, sai hoton ya dusashe, kamar yadda majigi ke yi idan aka matsar da ƙyalle daga inda ya kamata.

Inda matsalar take

Tsawon ƙwayar idon jariri, daga gaba zuwa baya, kimanin milimita 17 ne. Tana ci gaba da girma har ta kai milimita 23 zuwa 24 a idon baligi. A yayin wannan girma ido yana daidaita kansa, ta yadda tsawonsa zai dace da ƙarfin koniya da lensi. A idon yawancin yara masu rashin ganin nesa, girman ne ya zarce ƙa'ida. Ƙwayar ido ta yi tsawo, ratina ta ja baya, saboda haka hasken da ya taso daga nesa yana taruwa a gabanta.

Ana auna ƙarfin larurar da ma'aunin da ake kira dayofta, ana rubuta shi da alamar ɗebewa. Lissafinsa mai sauƙi ne. Mai -1 yana gani sosai har zuwa nisan mita 1, mai -2 iyakarsa santimita 50, mai -5 kuwa santimita 20 kacal. Ƙarin milimita ɗaya tak a tsawon ido yana jawo dayofta 2.5 zuwa 3. Ke nan ɗan abin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba ya isa ya raba yaro da ganin allo.

Galibi larurar kan fara ne tsakanin shekara 6 zuwa 13, ta riƙa ƙaruwa kowace shekara har zuwa wajen shekara 20. Duk wanda ta kama da wuri, shi ne ya fi fuskantar yin nisa a cikinta. Wannan nisan shi ne babban abin tsoro. Idan ido ya wuce -5 ko -6, ratina takan miƙe ta yi siriri, kamar fatar da aka ɗame a kan gangar da ta fi ta girma. Irin wannan ido ya fi saurin gamuwa da yagewar ratina ko ɓallewarta, da lalacewar tsakiyarta, da hawan jinin ido, da yanar ido tun kafin tsufa. Wasu daga cikin waɗannan suna kaiwa ga makantar da tabarau ba ya magancewa.

Gado ne ko yanayin rayuwa?

Babu shakka gado yana da hannu. Yaron da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da larurar ya fi sauran yara haɗarin samunta, wanda iyayensa biyu ke da ita kuma ya fi shi. Masana ƙwayoyin halitta sun gano ɗaruruwan wurare a cikin ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ita. Sai dai gado ba ya sauyawa a cikin ƙarni ɗaya, alhali larurar ta yaɗu da saurin da ya fi haka.

Tun a 1867 wani likitan ido mai suna Hermann Cohn ya auna idanun 'yan makaranta 10,060 a birnin Breslau da kewayensa, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Jamusawa. Ya tarar larurar ta fi yawa a makarantun birni bisa na ƙauye, kuma tana ƙaruwa daga aji zuwa aji. A 1969 an buga wani bincike da aka yi a cikin al'ummar Inuwit ta Alaska, wadda ba ta daɗe da rungumar karatun zamani ba. Daga cikin manya 131 da aka auna, biyu kawai ke da larurar, amma fiye da rabin 'ya'yansu da jikokinsu suna da ita. Jini ɗaya ne, rayuwa ce ta sauya.

A yau abin ya fi ƙamari a gabashin Asiya. A manyan biranen Sin da Taiwan da Singafo da Koriya ta Kudu, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu kammala sakandare ba sa ganin nesa sai da tabarau. Wani bincike da aka buga a 2012 ya samu larurar a idon kashi 96.5 cikin 100 na samari 'yan shekara 19 a birnin Seoul. A 2016 Brien Holden da abokan aikinsa sun yi ƙiyasin cewa nan da shekarar 2050 kusan rabin mutanen duniya za su kasance da ita, kuma kusan biliyan ɗaya daga cikinsu za su kai matakin nan mai haɗari.

An daɗe ana ɗora laifin duka a kan yawan karatu, kuma lallai yana da nasa kaso, musamman idan ana manna littafi ko waya a fuska na dogon lokaci ba hutawa. Amma a 2008 Kathryn Rose da abokan aikinta sun fito da wani abu da ya sauya tunanin masana. Sun kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara 6 zuwa 7 da ke zaune a Sidni ta Ostireliya da takwarorinsu na Singafo. A Sidni kashi 3.3 cikin 100 ne ke da larurar, a Singafo kuwa kashi 29.1. Abin mamaki, yaran Sidni sun fi karanta littattafai. Babban bambancin shi ne, su suna yin kusan awa 14 a waje kowane mako, na Singafo kuwa awa 3.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, haske mai ƙarfi yana sa ratina ta fitar da wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke taka wa girman ido birki. Gwaje-gwajen da aka yi da 'yan tsaki da birai sun ƙarfafa wannan ra'ayi. Tazarar da ke tsakanin hasken waje da na ɗaki kuwa ta wuce yadda ido ke nunawa. A ma'aunin haske da ake kira luks, inuwar bishiya da rana takan kai dubbai, sarari ya haura 10,000, alhali yawancin ajujuwa ba sa wuce 500.

An gwada wannan a aikace. A birnin Guangzhou na Sin an ƙara wa yaran wasu makarantu minti 40 na fita waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara uku, kamar yadda aka buga a 2015, kashi 30.4 cikin 100 daga cikinsu ne suka kamu da larurar, a sauran makarantun kuwa kashi 39.5. Taiwan ta ƙaddamar da shirin fitar da 'yan firamare waje na minti 120 kowace rana a 2010, kuma cikin 'yan shekaru adadin yara masu raunin gani, wanda ya daɗe yana hawa, ya fara sauka. Kullen annobar korona na 2020 ya nuna ɗaya ɓangaren. A garin Feicheng na Sin, yara 'yan shekara 6 masu larurar sun kai kashi 21.5 cikin 100 a shekarar, alhali a shekaru biyar da suka gabace ta ba su taɓa wuce kashi 5.7 ba.

A Afirka har yanzu da sauƙi. Nazarin da ya tattara binciken ƙasashe da dama, wanda aka buga a 2022, ya nuna kimanin kashi 5 cikin 100 na yaran nahiyar ke da larurar. To amma rayuwar yaron birni a ƙasar Hausa tana sauyawa: boko da safe, Islamiyya da yamma, darasin gida da dare, sa'an nan waya ko talabijin kafin barci. Dandali da wasan langa sai ƙara ja baya suke yi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda malami zai gane

Alamomin ba su da wuyar ganewa ga malami mai lura: ƙanƙance ido yayin kallon allo, yawan neman komawa bencin gaba, kwafa daga littafin wani, kusantar da littafi ga fuska, da rashin gane mutum sai ya matso kusa.

Akwai gwajin da kowace makaranta za ta iya yi ba tare da kashe kuɗi ba, wanda ya samo asali daga allon haruffan da Herman Snellen na Holan ya ƙirƙiro a 1862. A zana harafin E da baƙin tawada a kan farar takarda, tsawonsa da faɗinsa milimita 17.5, kaurin kowane layi milimita 3.5. A tsayar da yaro a nisan mita 6 a wuri mai haske, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba. A riƙa juya takardar yana nuna inda ƙafafun harafin suka fuskanta, sa'an nan a sauya ido. Duk wanda ya kasa da ɗaya daga cikin idanunsa yana bukatar ganin likita.

Gwaji na biyu ya dace da darasin kimiyya. A huda kwali da allura, a sa yaron ya leƙa harafin ta ƙaramar hudar. Idan ganinsa ya gyaru nan take, alama ce mai ƙarfi cewa tabarau zai taimake shi, domin hudar tana tare hasken da ke warwatsuwa ta bar siririn da ke tafiya kai-tsaye. Idan bai gyaru ba, wataƙila wata cuta ce daban, kamar hakiya ko yanar ido, kuma wannan ya fi bukatar gaggawa. Ana samun cikakken awo a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi. A wurin yara likita kan ɗiga maganin da ke sassauta lensin ido kafin awo, don kada ƙarfin lensin yaro ya ruɗi ma'auni.

Tabarau da sauran hanyoyin asibiti

Maganin farko, mafi araha kuma mafi aminci, shi ne tabarau mai gilashin da tsakiyarsa siriri ne, gefensa kuma mai kauri. Irin wannan gilashi, wanda aka fara yi a Italiya a ƙarni na 15, yana ɗan buɗa haske kafin ya shiga ido, ta yadda zai taru can baya a kan ratina. Dole ne a auna wa kowane yaro nasa. Tabaran karatu da ake kasawa a kasuwa na dattawa ne, gilashinsa kishiyar wannan ne, kuma sai dai ya ƙara dusashe wa yaron gani.

Iyaye da yawa suna tsoron wai tabarau yana kashe ido, domin sun ga duk shekara sai an ƙara wa yaro ƙarfin gilashi. Gaskiyar ita ce idon ne ke ci gaba da tsawo, ko an sa tabarau ko ba a sa ba, kamar yadda ƙafar yaro ke girma ba don takalmi ba. Wani gwaji da aka yi a Malesiya, aka buga a 2002, ya nuna cewa ba yara gilashin da bai kai ƙarfin bukatarsu ba yana ƙara wa larurar sauri ne. A ɗaya ɓangaren, binciken da aka yi a ƙauyukan yammacin Sin, aka buga a 2014, ya tarar kashi 15 cikin 100 ne kawai na yaran da ke bukatar tabarau suke da shi, kuma waɗanda aka ba su kyauta sun ƙara maki a jarrabawar lissafi.

Tabarau na yau da kullum yana gyara gani, amma ba ya hana ido ci gaba da tsawo. Don rage wannan gudu an samar da wasu hanyoyi. Akwai maganin ɗigawa na aturofin mai rauni ƙwarai, wanda aka yi dogon gwajinsa a Singafo da Hong Kong. A binciken Hong Kong na 2019, mai ƙarfin kashi 0.05 cikin 100 ya fi masu rauni aiki. Akwai tabarau na musamman mai ɗaruruwan ƙananan lensi a kewayen tsakiyarsa, irin wanda Jami'ar Fasaha ta Hong Kong ta ƙirƙiro tare da kamfanin Hoya, wanda ya rage gudun larurar da kusan rabi a gwajin shekara biyu. Akwai kuma lensin da ake mannawa a kan ido, wani da rana, wani da dare don ya ɗan danne koniya, amma waɗannan suna bukatar tsananin tsabta, kuma ƙura da ƙarancin ruwa mai kyau suna ƙara haɗarin gyambon ido. Duk waɗannan hanyoyi suna da tsada, kuma ba a yin su sai ƙarƙashin kulawar likita. Tiyatar leza kuwa ba ta yara ba ce. Ana yin ta ne bayan shekara 18, idan awon ido ya tsaya, kuma koniya take fereyewa, tsawon ido yana nan yadda yake.

Magungunan gargajiya a ma'auni

Akwai tambaya ɗaya da za a auna kowane magani da ita: shin yana iya gajarta ƙwayar idon da ta riga ta yi tsawo? Har yau ba a samu abin ci, ko na sha, ko na ɗigawa da ke yin haka ba.

Kwalli ado ne mai tsohon tarihi, kuma mutane da yawa sun yarda yana ƙara gani. Sai dai mafi yawan wanda ake sayarwa ana samunsa ne daga wani dutse mai ɗauke da dalma. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a Boston, ɗan asalin Nijeriya, da aka samu dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, dalma kuwa tana dakushe ƙwaƙwalwa. Bala'in Zamfara na 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon ƙurar dalma daga haƙar zinariya, ya isa ya nuna irin dafinta.

Ɗiga nonon uwa, ko zuma, ko ruwan albasa, ko ruwan ganye, ko fitsari a ido ba ya taɓa tsawonsa, kuma yana iya shigar da ƙwayoyin cuta ko ya ƙona koniya, har ya bar hakiya a idon da ba abin da yake bukata sai gilashi. Zaƙami yana ɗauke da sinadarai dangin aturofin, amma ba wanda zai iya ƙayyade ƙarfinsu a gida, kuma guba ne mai gusar da hankali, mai iya kisa. Haka nan maganin ɗigawa mai sinadarin siteroid da ake saya a kemis ba da takardar likita ba, yana iya jawo hawan jinin ido.

Karas da zogale da manja da hanta da gwanda abinci ne masu amfani ga ido, domin suna samar da bitamin A. Rashinsa ne ke kawo irin dundumin da ke hana gani da magariba, da bushewar ido. Hausawa sun daɗe suna ba mai dundumi hanta, kuma kimiyya ta gaskata su. Amma dundumi daban, rashin ganin nesa daban.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ke da irin waɗannan dabaru ba. Tun shekarun 1960 'yan makarantar Sin suke yin tausar kewayen ido kowace rana, amma hakan bai hana larurar mamaye su ba. A Amurka kuma William Bates ya wallafa littafi a 1920 yana cewa motsa ido zai raba mutum da tabarau, bincike bai tabbatar da iƙirarinsa ba. Daga cikin abubuwan da kakanni suka saba, wanda kimiyya ta tabbatar yana kare ido daga wannan larura shi ne barin yara su yi wasa a waje.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da masana ke ba da shawara shi ne yaro ya samu aƙalla awa biyu a waje kowace rana. Ba sai an shanya shi a rana ba, inuwar darbejiya ta wadatar, haka ma hantsi da la'asar, kuma kada a taɓa barinsa ya ƙura wa rana ido. 'Yan mata, waɗanda aka fi tsarewa a ɗaki, suna da bukata daidai da ta maza. Wannan ya fi amfani kafin larurar ta fara, saboda haka a soma tun daga ƙananan ajujuwa. Makaranta za ta iya buɗe tagogi, ta hana zama a aji lokacin tara, ta kuma mayar da wasu darussa gindin bishiya. A wajen karatu, littafi ya yi nisan santimita 30 daga ido, a riƙa ɗaga kai ana kallon nesa bayan kowane rabin awa.

Wanda larurar ta riga ta kama, a auna shi, a yi masa tabarau, a sake awo kowace shekara, malamai kuma su tsawata wa masu yi masa dariya. Idan mai ƙarfin gilashi ya fara ganin walƙiya a ido, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa farat ɗaya, ko wani duhu kamar labule yana saukowa, a kai shi asibitin ido a ranar, domin ratina ce ke neman ɓallewa. Takarda guda mai harafin E da mita shida na farfajiyar makaranta sun isa su nuna wa malami, a farkon kowace shekarar karatu, yaran da allo ya yi wa nisa.